WA KE AUNA SABON LITTAFI A ƘASAR HAUSA?

 Abin da mu ke so mu tattauna yau shi ne tarihin wata tambaya wadda ta daɗe tare da mu, watau in sabon littafi ya fito, wa ke da ikon ya ce mai kyau ne ko maras kyau? Malami ne, ko hukuma, ko kuwa yaron da aka rubuta littafin dominsa?

Dalilin tayar da maganar shi ne wata al'ada da ta kafu a waɗansu ƙasashe. A Amurka, tun 2003, ƙungiyar ma'aikatan laburare ta shirya yadda masu buga littattafai za su riƙa aika sababbin littattafan samari zuwa ga ƙungiyoyin yara masu karatu a laburare, tun ma littattafan ba su shiga kasuwa ba. Yaran su karanta, su rubuta ra'ayinsu, sa'an nan a yi ƙuri'a a fitar da goma da suka fi. A Faransa kuwa abin ya girmi haka. A 1988 aka kafa wata kyauta a birnin Rennes, ƙanwar babbar kyautar Goncourt, wadda alƙalanta duka 'yan makarantar sakandare ne. Yara wajen 2000 su kan karanta littattafai goma sha wani abu cikin wata biyu, su yi ta gardama a aji, sa'an nan wakilansu su taru a watan Nuwamba su yanke hukunci. Wanda ya ji wannan ya kan ce ai wannan sai Turawa. To, bari mu duba namu tarihin tukuna.

A zamanin kakanninmu, auna littafi aikin malamai ne, kuma yana da ƙa'idodi. Idan malami ya wallafa littafi, ya kan kai shi ga wanda ya fi shi ko tsaransa, shi kuwa in ya yarda da abin da ke ciki sai ya rubuta masa taƙarizi, watau 'yan layuka na shaida da yabo, a wajen farko ko ƙarshe. In an kwafi littafi da hannu, sai a yi muƙabala, wani na karanta asali wani na bin kwafi da ido, don kada kuskuren alƙalami ya shige. In littafin ya yi tsauri a yi masa sharhi, in sharhin ya bar wani abu a yi masa hashiya a gefen takarda. Mutum kuwa ba ya zama ya karantar da littafi sai ya ji shi daga bakin malami, an ba shi ijaza. Tun a Bagadaza, a shekara ta 987, wani mai sayar da littattafai, Ibn Nadim, ya tsara Fihirisa, ya jera littattafan da ya sani da masu su, ya kan kuma faɗi ra'ayinsa a kan waɗansunsu.

Amma kada mu ɗauka samari ba su da wuri a wannan tsari. A zaure, almajiri na karanta nassi da ƙarfi, malam na fassarawa, masu kulli na biye da kunne, kuma ko ƙaraminsu in ya ga an tsallake kalma yana da damar ya yi gyaran murya ya nuna. In an tashi su koma bita, nan ne gardama ta ke kaurewa. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, a littafinsa Ida'un Nusuki, ya lissafa malamansa da littattafan da ya karanta wurin kowane, ya kuma nuna tun yana ɗan shekara 13 aka danƙa shi ga wansa Shehu Usmanu. Alhaji Umaru na Salaga da Karachi, wanda aka haifa a Kano wajen 1858, ya rasu a 1934, bai fi shekara ashirin ba sa'ad da ya rubuta littafinsa na koyar da rubuta wasiƙa, wanda daga baya aka buga a Masar. Ashe an koya wa samarinmu auna magana tun da wuri. Sai dai awon nan na littattafan ilmi ne. Labaru da tatsuniyoyi kuwa a baki su ke, alƙalinsu shi ne yaron da ya yi barci ko ya ce a ƙara.

Da Turawa suka zo da boko sai aka sami sabuwar matsala: ga yara sun iya karatu, ba abin karantawa. A 1933 Dokta Rupert East na ofishin talifi da ke Zariya ya zaga garuruwan Arewa yana roƙon malamai su rubuta ƙagaggun labaru. Daga cikin abin da aka aiko aka zaɓi biyar aka buga: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na wansa Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da shi East ɗin. Ku lura da shekarunsu. An haifi Imam a 1911, Tafawa Ɓalewa a 1912, ke nan dukansu ba su wuce shekara 22 ba. Imam kuma ɗan zaure ne kafin ya zama ɗan boko, duk wanda ya karanta Maƙamatu ta Hariri zai ji ƙamshinta a Ruwan Bagaja. Akwai samari cikin waɗanda suka rubuta, yara ne suka karanta, amma ma'aunin yana hannun Bature guda da ofishinsa.

Haka aka ci gaba. Magana Jari Ce ta fito kashi uku daga 1937 zuwa 1939. A Janairun 1939 aka fara Gaskiya Ta Fi Kwabo, ta buɗe wa masu karatu filin wasiƙu. En'e-en'e suka kafa ɗakunan karatu a manyan garuruwa cikin shekarun 1940, a ƙasar Gwalkwas kuwa hukumar laburare ta fara aiki a 1950, ta keɓe wa yara nasu ɗakuna a Ankara. Hukumar NORLA ta Zariya ta buga ɗimbin ƙananan littattafai na Yaƙi da Jahilci har zuwa 1959, kamfanin NNPC ya gaje ta a 1966. Duk wannan alheri ne, Allah ya saka wa waɗanda suka yi. Amma a tsawon waɗannan shekaru littafi daga sama ya ke saukowa. Kwamiti ya zaɓa, ma'aikatar ilmi ta sa a manhaja, yaro ya haddace ya ci jarrabawa. Ana tambayarsa abin da Alhaji Imam ya yi wa Malam Zurƙe, ba a tambayarsa ko labarin ya gamsar da shi.

Canji ya fara ne bayan shirin ilmin firamare kyauta na 1976, wanda ya cika makarantu da yara maza da mata. A 1980 NNPC ta buga littattafan da suka ci gasarta, cikinsu har da Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina da So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwahid, dukansu a kan soyayya da auren da iyaye ba su so. Nan aka gane inda ƙishirwar yara ta ke. Da tattalin arziki ya karye, manyan kamfanoni suka ja da baya, sai samari da 'yan mata suka shiga buga nasu da kuɗinsu a ƙananan maɗaba'u. Rabin Raina na Talatu Wada Ahmed ya fito a tsakiyar shekarun 1980. Balaraba Ramat Yakubu, wadda ita kanta aka cire ta daga makaranta aka yi mata aure tana yarinya, ta fitar da Wa Zai Auri Jahila? da Alhaki Kwikwiyo a 1990. In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino ya biyo a 1991, ya game gari har zangunan kudu. Kano ta zama cibiya, marubuta suka kafa ƙungiyoyi irin su Raina Kama.

To, wa ya auna waɗannan? Babu taƙarizi, babu kwamiti. 'Yan mata ne da samari, da 'yan kuɗin tara da ke hannunsu. Shagon hayar littattafai ya zama shi ne laburaren talaka: yarinya ta ba da 'yan kwabbai ta ɗauki littafi kwana ɗaya ko biyu, ta karanta wa ƙawayenta da matan gida, gobe ta dawo da shi. Mai shago ba ya bukatar malami ya gaya masa littafin da ya karɓu, bangon da ya yage shi ne shaida. Marubuta kuma dabararsu ita ce su raba labari kashi biyu ko uku, in na ɗaya bai tafi ba, na biyu ba zai ga maɗaba'a ba. Suna sa adireshinsu a bango, wasiƙun masu karatu su yi ta zuwa, wani na yabo, wani na faɗa don an kashe wadda ya ke so. Ba a taɓa yin zamanin da yara suka riƙe ma'auni kamar wannan ba.

Amma ma'auni ne na bebe. Kwabo ya kan ce na so ko ban so ba, ba ya faɗin dalili. Saboda haka littafi mai ma'ana da na banza suka zauna tabarma ɗaya, wanda ya fi zaƙi shi ke gaba. Manya kuwa da suka farga sai suka rabu. Cikin shekarun 1990 masana irin su Ibrahim Malumfashi da Abdalla Uba Adamu da Ibrahim Sheme da Yusuf Adamu suka yi doguwar muhawara a jaridu, waɗansu na cewa adabin kasuwa ne mai wucewa, waɗansu na cewa shi ya raya karatun Hausa. Muhawara ce mai amfani, sai dai a kan yara aka yi ta, ba tare da su ba. A 2001 aka kafa hukumar tace fina-finai da ɗab'i ta Kano. A 2007, ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu na gwamnatin jihar, aka tara littattafan soyayya aka ƙona a wata makarantar 'yan mata.

Ba mu ce damuwar iyaye ba ta da tushe ba. Akwai littattafan da mu ma ba za mu so mu gani a jakar 'ya'yanmu ba. Abin da tarihi ya nuna shi ne wuta ba ta koya wa kowa awo. Takarda ta ƙone, labari ya koma cikin waya. Yau yarinya na karanta littafi kashi-kashi ta WhatsApp da Wattpad cikin dare, inda babu mai shago balle malami. Wanda bai koyi rarrabe tsaki da tsakuwa ba, ko ka share masa faifai yau, gobe wani zai cika masa.

Ga kuma abin da zai ba mu ƙarfin gwiwa. A 2020 'yan makarantar Faransa suka ba da kyautarsu ga Djaili Amadou Amal, Bafillatana daga Marwa ta Kamaru, saboda littafinta a kan auren dole da zaman kishi da haƙurin da a ke ɗora wa mata. A 2000 sun ba Ahmadou Kourouma na Kwaddibuwa, a kan yaran da a ke sa wa bindiga a hannu. Ashe in aka ba yara amana, aka ce su kawo hujja, ba zaƙi kaɗai su ke bi ba. Abin da Hajiya Balaraba ta rubuta da Hausa shekara talatin kafin nan, shi ne yaran wata ƙasa suka ɗaga. A gida kuma sashen Hausa na BBC ya fara gasar Hikayata ta mata a 2016, ta fito da sababbin alƙaluma da yawa, amma alƙalanta manya ne. Kujerar yaro mai karatu ita ce har yanzu ba a ajiye ba.

Mu mutanen zango wannan ya fi shafarmu. 'Ya'yanmu suna tashi a Kumashi da Ankara da Sabo ta Badun da Agege, waɗansu iyayensu na fatauci har Gwanzu ta ƙasar Sin, inda 'yan Afirka ta Yamma suka saba sarin tufafi da takalma a kasuwannin titin Guangyuan ta Yamma. Yaron da ya tashi nesa da Kano, Hausarsa ta baka ce, in bai karanta ba, bai rubuta ba, jikanmu ba zai same ta ba.

Shawararmu ba ta bukatar gini. Akwati guda ya isa, da littafin rajista, da malami ɗaya da uwa ɗaya masu sa ido. Duk fatake in za su dawo daga Arewa su riƙo sabon littafi ko biyu. A ba yara 'yan shekara 13 zuwa 18, maza daban mata daban in an fi son haka, kowa mako biyu. Wanda ya karanta ya rubuta shafi guda ya amsa tambaya huɗu: me littafin ya ce, ina hujjarka daga cikinsa, ina ya yi kyau ina ya kasa, wa ya dace ya karanta shi. Sa'an nan a zauna kamar bita, ya karanta a gaban 'yan'uwansa, su yi masa muƙabala da littafin a hannu. Malami ya gyara ladabi da rubutu, amma kada ya sauya hukuncin yaro, in ya saɓa masa ya kawo tasa hujjar kamar kowa. Wanda ya fi kyau a buga shi a wannan takarda, a aika wa marubucin kwafi.

Wannan ba baƙon abu ba ne, tsarin zaure ne aka juyo da shi kan littafin labari. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi, yaron da ya saba neman hujja a kan labarin soyayya, shi ne gobe zai nemi hujja a kan maganar ɗan siyasa da ta mai talla. Muna roƙon dattawa su sa wannan magana cikin taro mai zuwa. Allah ya shirya mana zuriya, ya ƙara mana fahimta. Haza wasalam.