Sikelin Gandirobobin Alabama

A jihar Alabama ta Amurka, cikin shekarun 1970, duk mai neman aikin gandiroba sai ya hau sikeli tukuna. Doka ce a rubuce: nauyi kada ya gaza fam 120, wato kilo 54 da ɗan ɗori, tsayi kuma kada ya gaza ƙafa 5 da inci 2. Ba wanda yake tambaya ko mutum zai iya raba faɗan fursunoni. Abin da allurar sikeli ta nuna, shi ke nan.

Wata matashiya mai shekara 22, Dianne Rawlinson, ta nemi aikin da takardar digirinta a hannu, aka ce nauyinta bai kai ba. Ba ta haƙura ba, ta kai ƙara, har magana ta dangana da Kotun Ƙolin Amurka, wadda ta yanke hukunci ranar 27 ga Yuni, 1977.

Lissafi ne ya fara kayar da gwamnatin jihar. An nuna wa kotu cewa sharuɗɗan biyu, in aka haɗa su, suna rufe ƙofa ga kimanin kashi 41 cikin 100 na matan Amurka, amma mazan da abin ya shafa ba su kai kashi 1 ba. Tun 1971 kotun ta riga ta fassara dokar 'yancin jama'a ta 1964 da cewa ko da ƙa'ida ba ta kira sunan kowa ba, muddin ta fi zubar da wani rukuni, to mai ɗaukar ma'aikata ya kawo hujjar cewa aikin ne ya buƙace ta. Alabama ta ce ai nauyi alamar ƙarfi ce, amma ba ta kawo shaida ba. Mai shari'a Potter Stewart ya nuna mata hanya mai sauƙi: in ƙarfi ake buƙata, a gwada ƙarfin kai tsaye.

Ni dai wannan batu bai buƙaci alƙali ya gamsar da ni ba. Wanda ya taɓa tsayawa a kasuwar Dawanau ya ga siririn ɗan dako ya saɓa buhun masara yana sassarfa, ya san ƙiba daban, ƙarfi daban.

Sai dai nasarar Rawlinson rabi ce. A hukuncin nan dai, kotun ta amince wa jihar ta hana mata aikin da zai haɗa su gaba da gaba da maza a gidajen yari masu tsananin tsaro, wai tashin hankalin da ke ciki ya yi yawa. Mai shari'a Thurgood Marshall bai yarda ba. A ganinsa, an hukunta mata ne kan laifin da ake tsoron fursunoni za su aikata, kuma ina ganin da gaskiyarsa.

Har yau dokar tarayyar Amurka ba ta sa nauyi cikin jerin abubuwan da aka hana nuna bambanci a kansu ba. Jihar Michigan ta sa shi a dokarta ta 1976, birnin New York ya bi sahu a 2023. Ma'aikacin wasu wurare da dama da aka kora saboda sikeli, sai ya nuna cewa sharaɗin ya taɓa jinsi, launin fata ko nakasa kafin kotu ta saurare shi.