Yadda Mujallun Araha na Amurka Suka Shiga Gwanjo

A shekarar 1896 wani mai buga mujallu a birnin Niyu Yok, sunansa Frank Munsey, ya sake fasalin mujallarsa mai suna The Argosy. Tun 1882 ya fara ta domin yara, amma daga baya kasuwarta ta faɗi. Sai ya cire hotuna, ya cika ta da ƙagaggun labarai zalla domin manya, ya buga ta a kan takarda mafi araha da ake samu, shafi 192 a kan sent 10, wato kashi ɗaya cikin goma na dala. Lissafinsa shi ne, mai saye labari yake nema, ba ruwansa da kyan takarda. Lissafin kuwa ya fita, gama cikin wajen shekara 10 tana sayar da kwafi kusan 500,000 kowane wata. Da wasu kamfanoni suka ga haka, irin su Street & Smith, sai suka bi sawu.

Turawa suna kiran irin waɗannan mujallu pulp, sunan niƙaƙƙen itacen da ake yin takardarsu da shi. Ya kamata mai karatu ya gane wannan takarda sosai, domin dukan abin da ya biyo baya daga gare ta ya taso. Takarda mai ƙarko, da tsummokin auduga ake yin ta, ko kuwa da itacen da aka dafa aka wanke da magani. Wannan kuwa niƙa itacen kawai ake yi, a bar wani sinadari a cikinsa wanda ake kira liginin. In haske da iska da zafi suka yi ta dukansa, sai takardar ta yi rawaya, ta koma ƙasa-ƙasa, tsamin da ke cikinta ya cinye zarenta, har ta riƙa karyewa kamar busasshen ganye. Duk wanda ya taɓa ciro tsohuwar jarida daga ƙasan adaka ya san abin. Ga shi kuma yawancinsu ba a datse gefensu daidai, bangon yakan ɗan zarce shafukan, saboda haka shi yake fara tsattsagewa. Ba wanda ya damu a lokacin. An yi su ne a karanta a cikin jirgin ƙasa ko bayan tashi daga aiki, a yar.

Tsakanin 1920 da 1940 kasuwarsu ta cika ta batse. Akwai na 'yan sanda da ɓarayi, na makiyayan dawaki da bindiga, na soyayya, na yaƙi, na fatalwa. Black Mask ta fito a 1920, a cikinta Dashiell Hammett da Raymond Chandler suka yi suna. Weird Tales ta fito a 1923. A 1926 Hugo Gernsback ya kafa Amazing Stories, ta fari da ta keɓe kanta ga labaran kimiyya da tafiya sararin sama. Yawancin marubuta sent 1 ake biyansu a kan kowace kalma, don haka mai saurin hannu shi yake cin abinci. Malaman makaranta da iyaye da yawa sun ɗauke su shara, musamman saboda zanen bangonsu, wanda sau da yawa ba ya rasa wuƙa, ko dodo, ko mace a cikin hatsari.

A cikinsu duka, fitowar da masu tarawa suka fi kwaɗayi ita ce ta The All-Story ta watan Oktoba 1912. A nan ne labarin Tarzan ya fara bayyana, dukansa a fitowa ɗaya, ana sayarwa sent 15. Edgar Rice Burroughs, mutumin Shikago, shi ya rubuta, aka biya shi dala 700. Abin lura ga mutumin Afirka shi ne, Burroughs bai taɓa sa ƙafa a nahiyar ba har ya mutu a 1950, kuma yadda ya siffanta baƙar fata a labarin cike yake da reni. Duk da haka Afirkar da ya ƙaga ita ce miliyoyin Amurkawa suka fara sani.

To, abin da aka buga dubbai a kan dubbai, yaya aka yi ya zama da wuyar samu? Waɗanda ba a sayar ba, masu rumfar jarida sukan yage bangon su mayar wa kamfani a biya su, sauran a zubar. Wasu aka loda su a jiragen ruwa zuwa Ingila, aka sayar da su kwabo uku-uku a kantunan Woolworth. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya zo, gwamnatin Amurka ta ƙayyade takarda, yara kuma suka riƙa bi gida gida suna tara tsofaffin jaridu da mujallu domin a sake niƙa su, aka kwashe ɗakunan ajiya da yawa ta haka. Bayan yaƙi ƙananan littattafai masu laushin bango da talabijin suka janye masu karatu. A 1949 Street & Smith suka rufe yawancin nasu, a 1957 kuma babban kamfanin da yake rarraba mujallu a ƙasar, American News Company, ya daina aikin. Abin da ya tsira daga hannun mutane, tsami da ɓera da laima suka ci gaba da shi.

Waɗanda suka fara ajiye su ba attajirai ba ne, samari ne masu son labaran kimiyya. Gernsback yakan buga wasiƙun masu karatu tare da adireshinsu, sai suka san juna, suka shiga musayar tsofaffin fitowa ta gidan waya domin kowa ya cike gurbin abin da bai karanta ba. Forrest J Ackerman na Los Anjalis yana cikinsu; ya cika gidansa da su, bayan rasuwarsa a 2008 aka yi gwanjon abin da ya rage. A 1972 aka yi taron farko na masu tara su, Pulpcon, a birnin Sant Luwis. Daga baya aka sami Windy City kusa da Shikago, da PulpFest wanda ya fara a 2009.

Da kuɗi ya shiga, dole aka nemi ma'auni, kamar yadda ake raba auduga ko fata a kasuwa, wannan lamba ɗaya, wannan lamba biyu. Dillalai suka ari matakan masu sayar da tsofaffin littattafai, daga lalatacce har zuwa wanda yake kamar sabo. Sunayen matakan suna ruɗin baƙo, gama wanda suke kira "mai kyau" yana can ƙasa, ma'anarsa mujallar ta sha hannu amma shafukanta sun cika. Mai dubawa yakan fara da bango: ko launi ya koɗe, ko gefe ya gutsuttsure, ko mai rumfa ya yi rubutu a kai. Sa'an nan ya juya gadon bayanta, inda rana ta fi ci. Ya ƙirga shafuka, domin masu karatu na dā sukan yanke takardun talla su aika. A ƙarshe ya taɓa takardar ya ji ko tana lanƙwasuwa ko ta bushe. Mujallar da bangonta yake sheƙi amma cikinta ya soma karyewa, kwananta ya kusa ƙarewa.

Inda rigima take shi ne wajen gyara. Mutum yakan ga gefen bango ya tsattsage, ya sa reza ya datse shi sumul. Ga ido ta ƙara kyau, ga masu saye kuwa ta ragu, domin an yanke abin da ba ya komowa. Haka wanda ya liƙa salatif, wanda gam ɗinsa yakan bar tabo bayan shekaru, da wanda ya shafa launi ya ɓoye karaya. Gyaran da aka faɗa ba laifi ba ne, farashi ne kawai yake sauka. Wanda aka ɓoye shi ne ha'inci, kuma sai gwani yake gane shi. Littafin farashi na Tim Cottrill, Bookery's Guide to Pulps, ya taimaka wajen daidaita bakin dillalai, amma maki ya zauna a kan amanar mai sayarwa.

A 2006 gidan gwanjo na Heritage da ke Dalas, a jihar Teksas, ya sayar da kwafi ɗaya na fitowar Tarzan a kan dala 59,750, wato ninkin ladan marubucin fiye da sau 85. Cikin kuɗin har da la'adar gidan gwanjo, wadda ake ɗora wa mai saye a bisa tayinsa, a lokacin kuwa ta kai wajen kashi 20 cikin 100. Kada mai karatu ya zaci haka duka suke. Abin da yake ɗaga farashi shi ne fitowar fari, ko bayyanar fari ta wani jarumi irin su Zorro a 1919 da Conan a 1932, ko zanen fitacciyar mai zane kamar Margaret Brundage. Na soyayya da na makiyaya, waɗanda suka fi kasuwa a zamaninsu, yawancinsu ba su da tsada.

Babban canji ya zo a 2024, sa'ad da kamfanin CGC na jihar Fulorida, wanda tun 2000 yake ba mujallun zane maki, ya fara karɓar waɗannan ma. Akan aika masa da mujalla, ma'aikatansa su duba, su ba ta maki daga 0.5 zuwa 10, su rubuta launin shafukanta da gyaran da suka gano, su rufe ta ruf cikin akwatin roba mai garai-garai. Amfanin a fili yake: wanda yake tayi ta intanet daga nesa ba ya bukatar amincewa da dillalin da bai sani ba, hannu kuma ba ya ƙara taɓa takardar. Amma roba ba ta cire tsamin da ke ciki, kuma tsofaffin masu tarawa da yawa ba su yi murna ba. Su masu karatu ne tun asali, ga shi an bar musu bango gaba da baya su kalla. Munsey ya sayar da labari bai kula da takarda ba. Mai tayi a kan akwatin roba takardar yake biya.

Labaran kansu ta wata hanya suka tsira. Babban laburaren Majalisar Amurka a Washintan ya ɗauki hoton shafukan waɗanda yake da su a kan siririn fim, ya ajiye bangunan. Masu sa kai kuma sun ɗauki hoton dubban fitowa shafi shafi sun zuba a Internet Archive, inda ake karantawa kyauta. Wanda ya sayi tasa a rufe, in yana so ya karanta ainihinta, sai ya fasa akwatin. Da ya fasa, makin ba ya sauran aiki, sai ya sake aikawa da ita Fulorida, ya sake biya, a sake dubawa.