Ahmed Musa da Tarihin da Aka Dasa Harsashinsa a Kano

A Magamar Jibiya, inda direbobi ke zaman jiran a duba takardunsu kafin su ɗauki hanyar Ɗan Isa zuwa Maraɗi, da wuya hirar ƙwallo ta watse a teburin mai shayi ba a taɓo Ahmed Musa ba. Wasu su ce gwarzo ne. Wasu su ce gudu kawai Allah ya hore masa, kuma an daɗe ana kiransa Super Eagles ne don a faranta wa Arewa. Wannan magana ta ƙarshe ba ta da tushe, kuma tarihi ne zai raba gardama.

Ƙwallon ƙafa ta shigo Arewa ne ta makarantu da barikoki da layin dogo, ta sami gindin zama a Jos, garin kuza. Mighty Jets ta Jos ce ta lashe gasar ƙasa ta farko a 1972, Raccah Rovers ta Kano ta ɗauka a 1978, sannan aka haɗe wasu ƙungiyoyi uku aka kafa Kano Pillars a 1990. A Jos ɗin aka haifi Musa ranar 14 ga Oktoba, 1992, ya tashi a makarantar ƙwallo ta GBS, ya ɗan taka leda a JUTH.

Kakar 2009/2010 ce ta fito da shi. Yaro ne da bai cika shekara 18 ba, ya zura wa Pillars ƙwallo 18, ya karya tarihin ƙwallo 17 da Ishaya Jatau ya kafa tun 1990. Shekara ashirin ke nan ba wanda ya iya. Duk wanda ya san gasar gida ya san abin da hakan ke nufi: doguwar tafiya a bas, filaye masu tsandauri, 'yan baya masu saka ƙafa ba tausayi, ga 'yan kallon Ƙofar Mata da ba sa yafe ɓarar da ƙwallo. A ganina nan aka ƙera shi. Masu cewa Turai ce ta gyara shi sun manta cewa VVV-Venlo ta Holan ba ta ɗauke shi a 2010 don ta koya masa cin ƙwallo ba. Ta ɗauke shi ne don ya riga ya iya. Jude Aneke ya shafe wannan tarihi da ƙwallo 20 a kakar da ta biyo baya, amma hakan bai rage komai ba.

Daga Holan sai CSKA Moscow a 2012, inda ya ɗaga kofin gasar Rasha sau uku, ga kofin Afirka na 2013 da ya ɗauka tare da Super Eagles a hannun marigayi Stephen Keshi.

Sai mu zo kan masu cewa gudu ne kawai. Ranar 25 ga Yuni, 2014, a Porto Alegre, Messi ya ci Najeriya a minti na 3. Minti ɗaya tsakani Musa ya karɓi ƙwallo ta hagu, ya lanƙwasa ta da ƙafar dama ta shige can kusurwa. Ya ƙara ta biyu bayan hutun rabin lokaci. An ci mu 3-2, amma ya zama ɗan Najeriya na farko da ya ci biyu a wasa ɗaya a gasar cin kofin duniya. Ranar 22 ga Yuni, 2018, a Volgograd, a wasa da Iceland, Victor Moses ya ɗago ƙwallo daga dama, Musa ya miƙa ƙafa ya sauke ta daga sama, tana taɓa ƙasa ya ɗirka ta cikin raga. A ta biyun ya tsere wa ɗan bayan Iceland, ya kewaye gola, ya natsu, sannan ya buga. Gudu kaɗai ba ya koya wa mutum irin wannan natsuwa. Ƙwallo huɗu a gasar duniya: Rashidi Yekini bai kai ba, Kanu da Okocha ma haka.

Gaskiya ne bai yi tasiri ba a Leicester, wadda ta saye shi a 2016 kan kusan fam miliyan 16. Amma kaka ɗaya a ƙungiyar da ta rikice har ta kori Claudio Ranieri ba ta isa mizanin auna mutum ba. Batun rabon yanki kuwa, koci nawa ne, baƙi da 'yan gida, suka zo suka wuce suna kiransa, har ya haura wasa 101 na Joseph Yobo da Vincent Enyeama?

Abin da ya fi burge ni shi ne komawarsa Pillars a 2021, da kuma a 2024, alhali takwarorinsa da dama na ƙyamar gasar gida. Ina kira ga gwamnatocin Katsina da Kano da masu hannu da shuni su gyara filayen ƙananan hukumomi irin Jibiya, su riƙa biyan 'yan wasan gida haƙƙinsu a kan kari. Ta wannan hanya Musa ya fito, kuma yaran bakin iyaka ma sun cancanci a buɗe masu ita.