Kamammun Gimbana

Duk sa'ad da na bi hanyar Kware daga Sakkwato, sai Malam Abdussalami ya faɗo mini a rai. Almajirin Shehu Usmanu ne, wanda ya koma Gimbana da jama'arsa saboda matsin sarakunan Gobir. Da Yunfa ya hau gado, rundunarsa ta afka wa garin, ta kame Musulmi 'ya'ya don a bautar da su. Da aka biyo da su ta kusa da Ɗegel, mutanen Shehu suka kwance su. Nan fa wuta ta kama: aka yi hijira zuwa Gudu a Fabrairun 1804, aka gwabza a Tabkin Kwatto a watan Yuni.

To, 'yan'uwa ɗalibai, a ganina gardamar ba ta hana bauta ba ce, ta wanda ya halatta a bautar ce. Shi ya sa daular da aka kafa ta cika da rumada, ƙauyukan bayi na noma. Abdussalami kansa ya yi tawaye a Kware, ya rasu a 1818 bayan rundunar Sarkin Musulmi Bello ta ci garin. Mun haddace rabin farko na labarin nan. Ya kamata mu nazarci na biyun.