Yaƙin cacar baka: yadda abokan yaƙi suka zama abokan gaba

Yaƙin cacar baka shi ne zaman doya da manja da aka yi tsakanin Amurka da Tarayyar Sobiyet daga ƙarshen yaƙin duniya na biyu har zuwa 1991. Sojojinsu ba su taɓa gwabzawa gaba da gaba ba, amma gabar ta raba duniya gida biyu.

Mafarin rikicin

Hitler ne ya haɗa su, faɗuwarsa kuma ta raba su. Amurka tana bin jari-hujja da zaɓen jam'iyyu da yawa, ita kuwa Tarayyar Sobiyet tana bin kwaminisanci: jam'iyya ɗaya, tattalin arziki a hannun gwamnati. Sobiyet ta rasa mutum kusan miliyan 27 a yaƙin, don haka Stalin ya ƙudura cewa ƙasashen da ke yammacin iyakarsa su zama garkuwa gare shi. A taron Yalta, cikin Fabrairun 1945, ya amince da Roosevelt da Churchill cewa za a yi zaɓe na gaskiya a ƙasashen da aka ƴanto. Amma duk inda sojojinsa suka tsaya, irin su Polan, Romaniya da Bulgeriya, ƴan kwaminis ne suka riƙe mulki. Bom ɗin nukiliyar da Amurka ta jefa a Hiroshima ranar 6 ga Agustan 1945 ya ƙara wa Mosko zargi.

A Maris 1946, a garin Fulton na Amurka, Churchill ya ce labulen ƙarfe ya raba Turai. Bayan shekara guda, shugaba Truman ya nemi dala miliyan 400 don tallafa wa Girka da Turkiyya, da alkawarin dakatar da yaɗuwar kwaminisanci. Sai shirin Marshall ya biyo baya: kimanin dala miliyar 13 don sake gina Turai. Stalin ya ƙi karɓa, ya kuma hana ƙasashen gabas shiga. A Fabrairun 1948 ƴan kwaminis suka ƙwace mulki a Cekosulobakiya.

Killace Barlin

An kasa Jamus yanki huɗu tsakanin Amurka, Ingila, Faransa da Sobiyet. Haka aka kasa Barlin, wadda ke can cikin yankin Sobiyet. Da ƙasashen yamma suka fito da sabon kuɗi a yankunansu ranar 20 ga Yunin 1948, sai Sobiyet ta rufe hanyoyin mota, jirgin ƙasa da na ruwa ranar 24 ga wata. Mutum sama da miliyan biyu na yammacin birnin suka rasa hanyar samun abinci da makamashi.

Fasa shingen da tankoki zai iya jawo yaƙin duniya na uku, janyewa kuwa miƙa wuya ne. Amurka da Ingila suka zaɓi hanyar sama. Jirage sun yi sawu fiye da 270,000, sun kai kaya tan miliyan biyu da ɗoriya, mafi yawa kwal da abinci. Ranar 12 ga Mayun 1949 Stalin ya buɗe hanyoyin.

A shekarar nan ce rabuwar ta tabbata. An kafa ƙungiyar tsaro ta OTAN da ƙasashe 12 cikin Afrilu, Jamus ta zama ƙasa biyu, Sobiyet ta gwada nata bom ɗin cikin Agusta, Mao kuma ya kafa gwamnatin kwaminis a Sin cikin Oktoba. A Yunin 1950 yaƙi ya ɓarke a Koriya.

Guguwar ta iso Nijar

Jam'iyyar RDA, wadda aka kafa a Bamako a 1946, ta haɗa kai da jam'iyyar kwaminis ta Faransa a majalisar Paris. Bayan korar ministocin kwaminis daga gwamnatin Faransa a Mayun 1947, wannan ƙawance ya zama abin da gwamnonin mulkin mallaka ke takura wa ƴan RDA da shi. A 1950 Houphouët-Boigny ya raba gari da ƴan kwaminis. A Nijar, Hamani Diori ya bi shi, Djibo Bakary ya ƙi. Daga wannan ɓaraka ta PPN-RDA ne daga baya aka samu Sawaba.