Makiyayi a Littafi Mai Tsarki: Tarihin Alamar

Makiyayi na ɗaya daga cikin manyan alamomin Littafi Mai Tsarki na Kirista, tun daga littafin Farawa har zuwa Wahayin Yahaya. Da shi ake kwatanta Allah, da sarakuna, da Yesu Almasihu, da shugabannin ikkilisiya. A Ibrananci ana ce masa ro'e, ɗan'uwan ra'i na Larabci. A Helenanci poimen ne, a Latin kuwa pastor, wanda ya biyo ta Turanci ya zama "fasto" a bakin Hausawa. Alamar ta sha sauya kama, amma abu ɗaya bai gushe ba: garken ba na makiyayi ba ne, amana ce aka ba shi, kuma mai dukiya zai tambaya.

Asali

Tun kafin a rubuta littattafan Isra'ilawa, sarakunan Gabas ta Tsakiya suna yi wa kansu kirari da kiwo. Hammurabi, sarkin Babila da ya yi mulki wajen 1792 zuwa 1750 kafin haihuwar Almasihu, ya kira kansa makiyayi a kan dutsen da aka sassaƙa dokokinsa. Fir'aunonin Masar suna riƙe sanda mai lanƙwasasshen kai, irin wadda ake gani a ƙirjin akwatin gawar Tutankhamun. A waɗannan fadoji kalmar ta taƙama ce.

Kiwo a zahiri

Kakannin Isra'ila kuwa kiwo ne sana'arsu. Habila mai tumaki ne, ɗan'uwansa Kayinu manomi. Ibrahim da Lutu sun raba hanya ne saboda makiyayansu sun yi faɗa a kan wurin kiwo. Ishaku ya yi ta haƙa rijiyoyi a Gerar, makiyayan garin suna cewa ruwan nasu ne. Musa yana kiwon garken surukinsa Yetro a lokacin da ya ga kurmi yana cin wuta, Dawuda ma daga bayan tumakin mahaifinsa aka kira shi a Baitalami.

Labarin Yakubu a Farawa sura 31 ya fi nuna nauyin aikin. Ya yi wa kawunsa Laban kiwo shekara 20. Da suka zo rabuwa sai ya lissafa masa: rana ta dake shi, sanyin dare ya ratsa shi, barci ya ƙaurace masa, an canja masa lada sau goma, kuma duk dabbar da naman jeji ya kashe ko aka sace, shi ya biya. Dokar Musa, a Fitowa sura 22, ta yi sassauci: wanda aka ba dabba amana, in naman jeji ya yayyage ta, ya kawo ragowar gawar shaida, ba zai biya ba, in kuwa sace ta aka yi a hannunsa, sai ya biya. Shi ya sa annabi Amos, wanda shi ma mai kiwo ne daga Tekowa, ya yi maganar makiyayin da ke fizgo ƙafa biyu ko guntun kunne daga bakin zaki. Ba nama yake so ba, hujja yake nema.

Daga yabo zuwa tuhuma

Tsohon Alkawari bai cika yi wa sarki mai ci wannan laƙabi ba; Allah ya fi ba wa. Zabura ta 23, wadda ake dangantawa ga Dawuda, ita ce ta fi shahara. Mai maganar cikinta tunkiya ce, tana ambaton ɗanyar ciyawa, da mashaya mai ruwa kwance, da kwari mai duhu, da sandar da ke kare ta.

Sa'ad da annabawa suka kira sarakuna makiyaya, yawanci ƙara suke kaiwa. Irmiya a sura 23 ya la'anci makiyayan da suka watsa garke. Ezekiyel, wanda ya yi annabci a zaman bauta a Babila, a zamanin da aka rushe Urushalima wajen shekara ta 586 kafin haihuwar Almasihu, ya jero laifuffukan a sura 34: sun sha madara, sun sa ulu, sun yanka masu ƙiba, amma ba su yi jinyar marar lafiya ba, ba su ɗora karaya ba, ba su bi sawun wadda ta ɓata ba. Hukuncin shi ne Allah zai karɓe garkensa, ya yi kiwon da kansa, sannan ya naɗa makiyayi guda daga gidan Dawuda. Daga nan alamar ta haɗu da begen zuwan Almasihu.

Sabon Alkawari

A Luka sura 2, makiyayan da ke kwana a fili tare da garkensu ne aka fara yi wa albishir da haihuwar Yesu. Luka 15 da Matiyu 18 sun kawo misalin mai tumaki 100 da ya bar 99 ya tafi neman guda. A Matiyu 25 an kwatanta ranar shari'a da yadda makiyayi ke ware tumaki da awaki.

Ƙololuwar alamar tana Yahaya sura 10, inda Yesu ya kira kansa Makiyayi Mai Kyau. Hoton na shinge ne mai ƙofa ɗaya da mai tsaro. Mai tumaki ya shigo ta ƙofa, ya kira kowace da sunanta, ya wuce gaba su bi shi, don sun san muryarsa. Ɓarawo katanga yake haurawa. Ɗan ƙodago kuwa da ya hangi kyarkeci sai ya ari na kare, domin lada ce ta kawo shi. Sabon abu a nan shi ne makiyayin ya ba da ransa saboda garken, abin da Kirista suke fassarawa da mutuwar Yesu a kan gicciye. Wahayin Yahaya sura 7 ya juya hoton gaba ɗaya: Ɗan Rago, wato Yesu, shi ne ya zama makiyayi.

Daga nan sunan ya sauka kan shugabannin ikkilisiya. A Yahaya 21 Yesu ya danƙa wa Bitrus kiwo har sau uku. Wasiƙar Bitrus ta fari ta gargaɗi dattawa kada su yi aikin don kwaɗayin kuɗi ko nuna iko, tun da akwai Babban Makiyayi a samansu.

Bayan zamanin manzanni

Kafin gicciye ya zama tambarin Kirista a zane, hoton saurayi ɗauke da tunkiya a kafaɗa ne ya fi yawa. Ana ganinsa a kaburburan ƙarƙashin ƙasa na birnin Rum tun ƙarni na 3, da kuma ɗakin baftisma na Dura-Europos a Siriya, wajen shekara ta 240. Tertuliyan na Kartaj, a Tunisiya ta yau, ya ambaci kofunan da aka zana wa wannan hoto. Da addinin ya shiga fada sai makiyayin ya sake tufafi: a Rabenna ta Italiya, a ƙarni na 5, an zana shi da rigar zinariya. Wajen 590 Fafaroma Giregori Babba ya rubuta littafi kan ƙa'idojin kiwon rayuka, wanda ya zama jagoran bishop-bishop na ƙarnoni. Sandar bishop mai lanƙwasa daga wannan tushe take, kuma Katolika suna kiran Lahadi ta huɗu ta lokacin Ista da sunan Makiyayi Mai Kyau.

A ƙasar Hausa

Nassoshin sun fara shiga Hausa ta hannun J. F. Schön, wanda ya yi aiki da wani mai suna Dorugu, ya buga Matiyu da Yahaya a 1857, Sabon Alkawari kuma a 1880. Cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito a 1932, da babban hannun Dokta Walter Miller na mishan ɗin CMS a Zariya. Masu fassara sun yi dace da kalma: "makiyayi", kamar takwararta ta Ibrananci, ta game mai tumaki da mai awaki da mai shanu. Tunanin ma ba baƙo ba ne ga maƙwabta Musulmi, domin ya zo a hadisan Bukhari cewa babu annabin da bai yi kiwo ba, kuma kowa makiyayi ne da za a tambaya kan abin kiwonsa.

A lardin Katsina mishan ɗin SIM ya samu shiga a ƙarshen shekarun 1930 ta asibitin kutare na Babbar Ruga, kuma daga aikin SIM ne ikkilisiyar ECWA ta fito a 1954. Yawancin Hausawa Kirista na kudancin jihar Katsina, musamman wajen Malumfashi da Kafur, zuriyar Maguzawa ne. A 2023 aka yanki Diyosis ɗin Katolika na Katsina daga na Sakkwato, aka miƙa sandar ga Bishop Gerald Mamman Musa.

Mai karatu a Daudawa ta ƙaramar hukumar Faskari, ko a Ƙanƙara da Sabuwa, ba ya buƙatar dogon sharhi kan waɗannan surori. Ya ga yaro Bafulatani, sanda a kafaɗa, gora a rataye, ya yi kira ɗaya shanu sun ɗago kai sun bi shi. Ya san rigimar burtali da mashaya, ya san ba da kiwo da tambayar da ke biyo baya in dabba ta salwanta. Sai dai satar shanu da hare-haren 'yan bindiga daga dazuzzukan da suka haɗa yankin da Zamfara da Birnin Gwari sun ɗora wa kalmar nauyin da ba ta da shi a da, har wasu kan yi wa makiyayi da ɗan fashi kuɗin goro, alhali masu ruga na cikin waɗanda aka fara kwashe wa dukiya. Yahaya sura 10 ba ta haɗa su ba. Mutum uku ta tsayar a bakin shinge, ɓarawo da ɗan ƙodago da makiyayi, ta kuma bambance su da abin da kowa ya yi wa garken.