Harsashi da Hauren Giwa: Wani Babi Daga Tarihin Kasuwancin Khartum

'Yan uwa fatake, a wannan biki na zagayowar ranar kafa ƙungiyarmu ya dace mu tuna da wata haja da ta gina Khartum, wadda yau ko taɓa ta laifi ne: hauren giwa.

Bayan sojojin Muhammad Ali na Masar sun kafa sansani a Khartum a 1821, garin ya zama mashigar Farin Nilu. Attajirai suka riƙa tura jiragen ruwa kudu da albarushi da dalma, su dawo da haure, sau da yawa har da bayi. Mafi shahara cikinsu shi ne Zubairu Rahma na Bahar Gazal. Yaronsa Rabe ne ya ci Barno a 1893. Ashe bindigar da aka saya don giwa ba ta tsaya kan giwa ba.

Albarushin wancan zamani ba ya tura harsashi da sauri, don haka maharbi ya dogara da nauyi. Samuel Baker, Baturen Ingila da ya tashi daga Khartum a Disamba 1862 neman mafarin Nilu, yana da bindigar da harsashinta ya kai rabin laba. Larabawan ayarinsa suka sa mata suna ɗan igwa. In ya harba, naushinta kan juya shi, kafaɗa ta yi tsami.

Da albarushi marar hayaƙi ya shigo, lissafi ya canza. Bell, ɗan Sikotland da ya yi farauta har yankin Lado, ya kashe giwa sama da dubu, akasari da siririn harsashi mai milimita 7 da ba ya fashewa, yana saita ƙwaƙwalwa. Amma ba kowa ne Bell ba, kuma giwa ko ɓauna mai rauni ta fi lafiyayya haɗari. Shi ya sa harsashin .375 na kamfanin Holland & Holland, wanda ya fito a 1912, ya zama ma'auni. Har yau ƙasashen Afirka da dama ba sa yarda a tunkari manyan namun daji da abin da bai kai shi ba.

Da dawa ta fara yin shiru, sai doka ta biyo. A 1935 aka keɓe gandun dajin Dindir, ba nisa sosai da Mai Wurno, garin da mutanenmu suka kafa bayan yaƙin Burmi na 1903. A 1989 yarjejeniyar CITES ta hana cinikin haure tsakanin ƙasashe. Duk da haka, a 2005 mai bincike Esmond Martin ya ƙirga kayan haure sama da 11,000 a shagunan Khartum da Umdurman.

Ɓarnar ƙarshe ba bindigar maharba ce ta yi ta ba, Kalashnikov ce. Harsashinta ya yi wa giwa ƙanƙanta, sai a yi wa garke ruwan wuta, wasu su faɗi nan take, wasu su je su mutu a daji da rauni. A Zakuma ta Chadi giwaye sun ragu daga kusan 4,000 a 2002 zuwa kamar 450 a 2010. Ma'aikacin gandun daji yanzu ya fi tsoron mutum a kan dabba.

Tun yaƙin da ya ɓarke a Afrilu 2023 makamai sun yi yawa a hanyoyinmu. Kowa ya san abin da aka ɗora masa a mota. Ƙullin haure ko akwatin harsashi ɗaya a cikin buhunan karkade ya isa ya jawo kwace kaya da ɗauri, ya kuma zubar da mutuncin ayari gaba ɗaya a kan iyaka. Wanda aka ba saƙo a rufe, ya buɗe a gaban mai shi, ko ya kawo ofishin ƙungiya a rubuta kafin a tashi.